Roba ko Foliyuritan: Amfanin Taushi a Ƙafar Tsohuwar Mota

A mafi yawan wuraren da ƙarfe biyu suka haɗu a ƙafar mota, akwai wani ɗan zobe mai taushi a tsakaninsu, wanda makanikai ke kira bushin. Aikinsa irin na guringuntsi ne a gaɓar mutum: yana barin gaɓa ta motsa, yana hana ƙashi gogar ƙashi. Ba a tunawa da shi sai ya mutu, sa'ad da sitiyari ya soma yawo, taya ta cinye ta gefe guda, ƙarƙashin mota ya riƙa ƙwanƙwasa a kan gargada.

Motar da nake lallaɓawa MGB ce ƙirar 1971, ɗaya daga cikin fiye da 500,000 da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila tsakanin 1962 da 1980. Duk mai riƙe da irinta, ko ba jima ko ba daɗe, zai fuskanci tambaya guda: ya mayar da baƙar roba irin ta asali, ko ya koma ga foliyuritan, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a 1937? Akasarin masu ba da shawara sukan ce foliyuritan, don ya fi tauri, ya fi ƙarko. Gaskiya ne, amma ba a nan zancen ya ƙare ba.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kowanne yake motsi. Bushin roba ba ya juyawa a mazauninsa. A manne yake da ƙarfen ciki, a matse da na waje, don haka idan taya ta hau tudu, naman robar ne ke murɗewa, sannan ya warware. Ba ya bukatar giris, ba ya kuka, kuma yana shanye girgiza kafin ta iso kujera. Shi ya sa ba a ƙarasa ɗaure notinsa sai an sauke mota daga jak, nauyinta ya zauna a kan tayoyi. In ba haka ba, zai zauna a murɗe har ya yage. Foliyuritan kuwa zamewa yake yi a kan bututun ƙarfe. Dole a shafa masa giris na musamman, kuma ranar da giris ya bushe ko ƙura ta shiga, sai ya fara ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohon ƙyaure.

Ba na raina hujjar masu foliyuritan. Baƙin mai da zafi suna ruɓar da roba, tsofaffin motocin Ingila kuwa sun yi suna wajen ɗigar mai. Haka kuma ba kowace sabuwar roba ta kasuwa ce ke da ingancin ta da ba. Foliyuritan bai damu da mai ba, kuma da yake ba ya lotsewa sosai, taya takan tsaya daidai inda aka saita ta, mota ta amsa wa sitiyari nan take. Ga mai shiga tsere, wannan riba ce babba.

Sai dai ƙarfin bugun rami ba ya ɓacewa don an taurara bushin. Wuri kawai yake sauyawa. Abin da roba ta saba shanyewa sai ya wuce zuwa noti, da walda, da ƙarfen da ya haura shekara 50 yana fama da tsatsa. Masu Datsun 240Z sun san wannan: akwai wata sanda a ƙafar gaba da ke lilo sama da ƙasa a cikin bushinta, kuma an sha samun ta karye bayan an matse ta da foliyuritan mai tauri. Karyewarta a kan gudu ba ƙaramin haɗari ba ne. Injiniyan da ya sa taushi a wurin da gangan ya sa shi, cire shi ba tare da nazari ba kuwa gyaran gangar Auzinawa ne.

Don haka ban yi wa motar hukunci guda ba. Gaɓa-gaɓa na bi ta. A hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe da tayar gaba, na sa bushin roba mai bututun ƙarfe a ciki, irin wanda aka yi wa MGB GT V8 ta 1973, domin ya fi na asali daɗewa, bai kuma rasa taushinsa ba. A mazaunin sandar da ke hana mota kwantawa a kwana, inda motsin juyi ne kawai kuma mai yakan ɗiga, na sa foliyuritan mai matsakaicin tauri.

Kafin ka saya, yi wa kanka tambaya uku. Wane irin motsi wannan gaɓar take yi, juyi kaɗai ko har da lanƙwasa? A wace irin hanya motar za ta yi yawancin tafiyarta? Kuma wa zai riƙa kwance ta yana sabunta giris? Idan yawon yamma kake yi da ita a hanyar da ba ta rasa ramuka, roba mai kyau za ta ishe ka shekaru, ta kuma bar motar da halin da aka ƙera ta da shi.