Godiya ga Yayana na Alƙahira

Yaya, na ɗauki alƙalami ne don in yi maka godiyar da nauyin baki ya hana ni yi a gabanka. Kai mutumin Damagaram, ni ɗan Katsina. Hausa da neman ilimi a Azhar ne kawai suka haɗa mu. Amma tun da na sauka Alƙahira cikin hunturu ka riƙe ni riƙon ƙani, har bargonka ka ba ni a daren farko, don sanyin garin nan cikin ɗaki yake samun mutum.

Titi ne ya fara razana ni. Motoci kwarara suke yi ba tsayawa, ƙaho ta ko'ina, ga tsofaffi da yara suna ratsawa hankali kwance. A Abbasiyya ka kama hannuna ka ce, "Kada ka yi gudu, kada ka ja da baya, direba da tafiyarka yake auna tasa." A ƙaramar bas ka nuna mini yadda kuɗin mota ke bin hannun fasinjoji daga kujerar baya har wurin direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Wannan amana ta burge ni ƙwarai. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma, wanda ke aiki tun 1987, ka gargaɗe ni tun kafin mu sauka matakala cewa akwai taragun da aka keɓe wa mata.

Inda na fi jin baƙunta shi ne harshe. Na zo da Larabcin littafi, na tarar da na kasuwa daban. In na yi magana mai shago ya gane, in ya amsa ni kuwa sai in tsaya zuru. Da kai mai son sauƙi ne, da ka riƙa yi mini tafinta ka huta. Sai ka kai ni wurin dattijon da ke gadin gidanmu, ka ce in riƙa zama muna shan shayi da yamma. A bencinsa kunnena ya buɗe. Daga nan na gane cewa mai buga ƙarfe a layi tukunyar gas yake talla, na ga matan bene suna zuro kwando da igiya a sa musu cefane, na ga yaro a kan keke ɗauke da faifan gurasa a ka yana kutsawa tsakanin motoci. Garin da na ɗauka hayaniya ce zalla, ashe kowa ya san abin da yake yi.

Ka koya mini karyawa da ful da ɗa'amiyya, ƙanwar ƙosanmu, ka nuna mini inda ɗalibi zai ci koshari ya ƙoshi da kuɗi kaɗan. Ranar neman iƙama kuwa ka bar darasinka ka tsaya mini a layi tun sassafe. Na san abin da darasi yake a wurinka, Yaya.

Juma'ar da ka kai ni masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970, ka ba ni labarin ruwaƙi, wato masaukin da aka ware wa ɗaliban Barno tun zamanin da. Jin cewa mutanen yankinmu sun daɗe suna zuwa nan karatu ya kwantar mini da hankali fiye da kowane lallashi.

Inna ta ce in gaishe ka da kyau, kullum kana cikin addu'arta. Ta ba wani mai tahowa kilishi da yaji da kuka, ta kuma ja kunnena cewa kason farko naka ne. Allah ya ba ka nasara a jarrabawarka ta ƙarshe, ya jiƙan mahaifa.

Ƙaninka.