Baki Shi Ke Yanka Wuya



Ko kin taɓa lura cewa manyanmu ba su cika yin ɓaranɓarama ba idan suna karanta jawabin da aka rubuta musu? Sai an ajiye takarda, ɗan jarida ya jefo tambaya ba zato, sannan za ki ji abin da zai sa ki riƙe haɓa.

A watan Oktoba na 2019, Ministan Aikin Gona na wancan lokaci, Alhaji Sabo Nanono, ya ce babu yunwa a Nijeriya, har ma mutum zai iya cin abincin Naira 30 ya ƙoshi a Kano. Ke da ake miƙa wa kuɗin cefane kowace safiya, kina lissafin manja da daddawa da itace, kin san inda wannan magana ta sauka a zuciyar mata. Wanda zai tsara yadda abinci zai wadata, in yana ganin kowa a ƙoshe yake, wa zai kai masa kukan tukunyarki?

Kafin nan, a 2016, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yana birnin Balin na ƙasar Jamus aka tambaye shi game da hirar da uwargidansa ta yi da BBC Hausa. Sai ya ce shi dai ya san wurinta kicin ne da falo da ɗaya ɗakin. Ya faɗi haka ne kuwa Angela Merkel, macen da ke mulkin Jamus a lokacin, tana tsaye a gefensa. Mai magana da yawunsa ya ce raha ce, amma ina, maganar ta riga ta zagaya duniya. Turawan ma ba su tsira ba, domin a shekarar ce kyamara ta kama Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, David Cameron, yana gaya wa Sarauniya cewa Nijeriya da Afganistan na cikin ƙasashen da cin hanci ya fi yi wa katutu, ana sauran kwanaki kaɗan ya karɓi shugabanninsu a taro a Landan.

Ni ma na ga irin wannan da idona. Wani ɗan takara ya taɓa zuwa unguwarmu, aka tara mu mata a wani gida. Ya karanta alkawura masu daɗi, asibiti da rijiyar burtsatse da jari. Da zai shiga mota sai ya juya ga abokinsa yana dariya, ya ce ai ƙuri'ar mata ba ta wuce sabulu da turmin atamfa ba. Wata dattijuwa da ke kusa ta ji shi sarai, kafin magariba labari ya shiga kowane gida. Ranar zaɓe mata suka ba shi amsa.

Ana cewa suɓutar baki ce, ni kuwa ina ganin baki ba ya suɓuta sai da abin da ya saba faɗa. Jawabin takarda na wanda ya rubuta shi ne, amma maganar da ta fito ba shiri ta mai ita ce. Don haka, 'yar uwa, idan kina son sanin wanda ke neman ƙuri'arki, ki kasa kunne lokacin da ya ajiye takarda.

Sannan ki waiwayi gidanki. Kowane ɗaya daga cikin manyan nan yaro ne a gaban wata uwa kafin ya zama abin da ya zama. Yaron da ke gatsa wa 'yar aiki magana a yi dariya, ko ya yi wa almajiri ba'a a ce ai wayo ne da shi, da wannan harshen zai hau kujera. Ki koya masa ya tauna magana kafin ya furta, ya san cewa shiru ba gazawa ba ce, kuma in bai san abu ba ya tambaya. Ki riƙa aikensa kasuwa ya san farashin mudun masara. Mu ma kanmu, abin da muke faɗa a kan kishiya ko maƙwabciya a gabansu, karatu ne suke ɗauka.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah Ya ba mu ikon tarbiyyar 'ya'yan da bakinsu ba zai kunyata su ba. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.