Daga Dalma Zuwa Gwajin Kutse

Warin dalma ba ya barin hancin wanda ya taɓa zama da shi. Siririn hayaƙi ne mai ɗan ƙamshin ƙaro, yana tashi daga bakin ƙarfen liƙi ya bi ta ƙarƙashin fitila ya shige ido, kai kuwa ba ka da halin kauda kai, domin hannunka na dama na riƙe da ƙarfe, na hagu na danne da hantsaki, ƙafar abin da kake liƙawa kuma ba ta kai ƙwayar gero ba. Teburinmu a Black Market ta Adjame bai fi kamu biyu ba. A kansa akwai tsohon buroshin haƙori da muke wanke cikin waya da shi, da 'yar kwalbar tina, da gwangwanin tumatir cike da ƙananan kusoshi, da sukudireba mai bakin tauraro wadda maigida ya ɗaure wa zare ya rataya a wuya don kada ta yi ƙafa. A bayanmu motocin haya na gbaka na ta hon, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran Abobo da Yopougon, lasifikar maƙwabci na kwararo kiɗan coupé-décalé tun hantsi, 'yan kamasho na yi wa duk mai wucewa tsaki don ya waiwayo. Cikin wannan hargowa ake so yaro ya ji ɗan ƙaran da waya ke yi in ta farfaɗo. Kuma ina ji.

A Treichville muke kwana. Babana mutumin Adar ne, daga wajen Tahoua, garba yake sayarwa a bakin layi: aceke a ƙaton daro an lulluɓe da farin ƙyalle, kifin tuna na ƙuna a baƙin mai, ɗanyen barkono da albasa a faranti, maggi a murmushe a kai. Rigunanmu duk sun sha wannan ƙauri, har a masallaci ana gane ɗan mai garba. Kuɗinsa a lalita yake zuba su, ya ɗaure a ƙugu ƙarƙashin taguwa, da dare ya juye su cikin adaka mai kuba, makullin kuma ya kwana a ƙarƙashin matashinsa. Da dala yake lissafi. In za a yi aike gida, sai ya naɗe takardun sefa a tsumma ya ɗinke da zare, ya sa mu yi shiru ya danna jan maɓallin rakoda ya gaida kowa da sunansa, tun daga inna har jaririn da bai taɓa gani ba, sannan ƙunshi da kaset su bi hannun wani mai komawa. Wani lokaci su isa. Da asuba ni kuma in kama bas ɗin SOTRA, mu haye gadar Houphouët-Boigny, ruwan Ébrié na tashi da warin laka da gishiri, mu ratsa Plateau da dogayen benayenta, sai Adjame.

Liƙi da canza gilashi su ne abincin yau da kullum, amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne buɗe waya. Mutum zai zo da Nokia 3310 ko 1100 ya ce ya manta lambar sirri, maigida ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba, in danna 12345, sai ga ta a buɗe. Lambar da ta fito da ita daga masana'anta ce, yawancin mutane ba su taɓa canza ta ba. Mai waya ya yi ta kallona yana jinjina kai, ni kuwa in haɗe fuska kamar na yi wani aiki. Akwai kuma waɗanda 'yan'uwa ke aikowa daga Faransa, a ɗaure da layin can, ba sa karɓar sim ɗin nan. Su sai an danna *#06# an kwafi lambobin nan 15, ko a jona su da wani ɗan akwati mai igiyoyi barkatai a jikin tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburi, wadda fankarta ke kuka duk yini. Ina tuna yadda nake ƙura wa koren layin nan ido yana rarrafe a allon, ƙirjina na bugawa. Wane ne wannan yaro mai ƙurar kasuwa a ƙafa, da yake ganin babu ƙofar da za ta gagare shi a duniya? Har yau in na tuno shi sai in yi murmushi.

Maigidana Bamaraɗe ne, ba mai yawan magana ba, goro a kumatu, tabarau ɗaure da roba. Yana da wata al'ada da a lokacin nake ganin asarar ciniki ce kawai. In saurayi ya zo a gaggauce da waya mai tsada yana waige-waige, sai ya karɓa ya juya ta, ya ce, "Samari, wa ka kira da ita jiya?" In amsa ta yi nauyin fitowa, ya mayar masa da abarsa, ya nuna masa hanya da haɓa. Teburi na gaba za su buɗe masa, mun sani, shi ma ya sani. Ni kuma ya hana ni leƙa saƙon kowa, ko da wayar na kwance a buɗe a tafin hannuna. "Ɗana," ya kan ce, "abin da aka kawo ka gyara shi za ka gyara. Saura ba naka ba ne." Bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba.

A ƙarshen 2008 kuɗi suka shiga waya. Orange Money ta fara, sauran kamfanoni suka biyo, aka koya wa tsofaffi danna #144#, rumfunan buga waya na bakin titi suka koma na ajiya da cira. Tsumma da zare suka huta. Daga nan fuskokin da ke zuwa teburinmu suka canza: mace ce za ta zo da goyo, wayarta lafiya lau, ta ce wani ya kira ta da murya mai ladabi ya ce daga ofis yake, ta karanta masa lambobin da suka shigo, yanzu jarin gyaɗarta babu. Mu duba mata. Me za mu duba? Babu abin da ya ƙone balle a liƙa. Wasu tsararrakina a shekarun nan suka tare a shagunan intanet, suka shiga sahun brouteurs, 'yan damfarar intanet, suka fara sa takalma masu ƙyalli, ana kiran sunansu a gidajen rawa. Bayan rikicin 2011 aka kafa hukumar PLCC don farautar masu irin wannan aiki, a 2013 kuma dokar laifukan intanet ta fito, shiga na'urar wani ba da izini ba ya zama abin ɗauri.

Ɗaliban ESATIC ne suka buɗe mini ido, makarantar fasahar sadarwa da aka kafa a 2012 a can Zone 3 ta unguwarmu. Ban taɓa zama a ajinta ba. Ɗaya daga cikinsu na gyara wa waya, ya rasa kuɗin biya, sai ya zaunar da ni a bencin babana da dare, da farantin garba a tsakaninmu, ya nuna mini cewa manhajar Android ƙunshi ce da ake iya kwancewa a karanta abin da ke ciki. Na kwana ban runtsa ba.

Yanzu aikina ke nan, gwajin kutse. Masu manhaja ne da kansu suke kirana in nemo musu inda ɓarawo zai shiga kafin ya shiga, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya saurara ko ta tsage. Kafin in taɓa komai sai an sa hannu a takarda: ga manhajar da aka yarda in gwada, ga uwar garken da zan iya taɓawa, ga ranaku da awanni, ga asusun gwaji da babu kuɗin kowa a ciki. Sannan in zauna da wata tsohuwar waya da na cire wa takunkumi. In kwance manhajar da jadx in bi rubutunta layi-layi, ina neman makullin da mai rubutu ya ajiye a ciki don sauƙin aikinsa ya manta. In leƙa ma'ajiyarta in ga ko ta rubuta lambar sirrin mutum a fili. In girka Burp Suite tsakanin waya da uwar garke, duk abin da suka faɗa wa juna ya bi ta gabana; in manhajar ta ƙi yarda da baƙo a tsakani, manhajar Frida na nan don lallashinta. Lamba mai gida huɗu ba ta wuce zaɓi 10,000 ba, saboda haka sai in ga ko akwai mai tsayar da wanda ya yi ta gwadawa. Sau tari babu.

Wata rana ina gwada manhajar wani kamfanin adashe, na ga buƙatar da waya ke aikawa ɗauke da lambar asusu, sai na canza adadi ɗaya na ƙarshe na tura. Allon ya cika da sunan wata baiwar Allah, da lambar wayarta, da abin da take zubawa kowace Juma'a. Uwar garke ta tabbatar na shigo da izini, amma ba ta tambayi ko asusun nawa ne ba. Na ɗauki hoton shaida na rufe sunan, na kira shugaban masu rubutun nan take. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, mutum nawa ka gani?" Na ce ɗaya, ita ma ban karanta har ƙasa ba. Suka toshe kafin magariba, na sake gwadawa da safe, ƙofa ta rufu.

Ba na ganin laifin yaran da ke rubuta waɗannan manhajoji, gaggawa ake sa su. Masu kamfani kan tuna da mu ne mako guda kafin ƙaddamarwa, wasu ma rahoto mai hatimi kawai suke so su nuna wa banki. A jerin manyan raunukan manhajojin waya guda 10 da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2024, na farko shi ne sakaci da makullai da kalmomin sirri. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, na tuna 12345.

Babana ya tsufa, ƙanena ne ke kan daro yanzu. Lalitar na cikin adaka ta bushe ta yi tauri. Da aka mayar da lambobin waya gida 10 a farkon 2021, ni na zauna na gyara masa lambobin mutanen Tahoua mazauna nan ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowane yana ba ni labarin ubansa. A shekarar manhajar kuɗi ta Wave ta shigo da katinta mai zanen ɗigo-ɗigo, shi ma aka yi masa. Sai dai tsohon nan ajami ya iya, bai san ko harafi ɗaya na Faransanci ba, gargaɗin da ke fitowa a allo kuwa duk da shi ake rubutawa. Don haka in zai yi aike, sai ya taka zuwa rumfar bakin layi, ya miƙa wa yaron wayar, ya faɗa masa lambar sirrin da ƙarfi saboda kunnensa ya yi nauyi, mutane na tsaye a bayansa suna jira. Haka masu shayi suke yi, da masu tura baro, da matan da ke sayar da fura a ƙofar masallaci. Babu jadx ko Frida da za ta nuna maka wannan, sai ka tsaya a rumfar da kanka.

Shi ya sa a ƙarshen kowane rahoto nake ƙara shafi guda da ba a biya ni kuɗinsa ba, in roƙi a sa murya cikin Hausa da Julanci da Mosanci, mai gaya wa mutum nawa zai tura da wanda zai tura wa, ta kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa lambarsa. Ana gyara duk abin da na rubuta da jan launi. Wannan shafin dai har yau ban ga wanda ya yi aiki da shi ba.