Rubutun gefen shafi a intanet: abin da muka koya kafin WAEC

Duk wanda ya gaji littafin karatu daga wurin yayansa ya san amfanin rubutun gefen shafi. Nan an ja layi da biro, can an rubuta "wannan ya taɓa fitowa a jarrabawa". Mu shida ne a ƙungiyarmu ta bita a ajin ƙarshe na sakandare. Da muka lura rabin karatunmu ya koma intanet, sai muka fara tunanin ko shafin intanet ma ana iya yi masa irin wannan rubutu.

Ashe ana iyawa. Akwai manhajoji da aka yi don haka, irin su Diigo da Hypothesis, wadda aka kafa a Amurka a 2011. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ƙa'idar irin wannan rubutu a 2017. Muka zaɓi wata daga cikin manhajojin, ba sai mun kama suna ba, muka shirya yin bitar darasin Gwamnati da ita.

A kwamfutar ɗakin karatu abin ya burge mu. Ka ja layi a ƙarƙashin jimla, ka rubuta bayani, abokinka ya buɗe shafin ya gani, ya ba ka amsa a wurin. A yini ɗaya muka cika wani shafi kan tsarin mulkin 1999 da tambayoyi.

Matsala ta fara ne da muka koma gida. Mutum ɗaya ne cikinmu ke da kwamfuta, sauran duk waya muke riƙewa. Manhajar kuwa maƙala ta ake yi a jikin burauza, kuma burauzar wayoyinmu ba ta karɓar irin wannan ƙari. Da ƙyar muka samo wata hanya, ita ma da nata wahalar: kana ƙoƙarin zaɓar jimla da yatsa, sai akwatin kwafi na wayar ya rufe maɓallin rubutu. Ga data tana ta tafiya. Cikin mako biyu, biyu daga cikinmu suka daina leƙawa, kuma su ne suka fi mu iya darasin.

Sai kuskure na biyu, wanda namu ne. Kowane rubutu yana da zaɓi: kai kaɗai, ko ƙungiyarku, ko kowa da kowa. Ba mu kula da ɗan ƙaramin maɓallin ba. Kwana uku wasanninmu da tsokanar juna suna fili, duk mai manhajar a duniya zai iya karantawa.

Abin da ya fi ba mu tsoro ya zo ana saura wata ɗaya jarrabawa. Muka buɗe shafin, layukan da muka ja sun ɓace. Malaminmu na kwamfuta ne ya yi mana bayani. Ya ce rubutun ba a jikin shafin yake ba, yana ajiye ne a wani rumbu daban tare da kalmomin da muka ja wa layi. Duk lokacin da aka buɗe shafin, manhajar za ta nemo kalmomin ta liƙa rubutun. Idan mai shafin ya sauya jimlar, rubutun ya rasa wurin zama. Muka ce, "Malam, ke nan aikinmu ya tafi?" Ya nuna mana wani lungu inda aka tara su, amma sai da muka ɓata yamma biyu kafin mu gane wane bayani ne na wace jimla.

Ba mu watsar da manhajar ba, mun dai sauya tsari. Muna amfani da ita a makaranta wajen muhawara, sannan duk Juma'a mu kwashe muhimman bayanai zuwa littafin rubutu guda da ke zagayawa tsakaninmu. Waɗancan biyun ma suka dawo.

Ga 'yan'uwa ɗalibai masu son gwadawa: kafin ku ɗora karatunku a kan kowace manhaja, ku fara gwada ta a wayar da ta fi tsufa a ƙungiyarku. Ku duba wa ke ganin abin da kuka rubuta, ku kuma tabbatar akwai hanyar kwashe shi. Idan mai ƙaramar waya ya kasa shiga, ku nemi wata tun jarrabawa ba ta matso ba.