Taliya da Miyar Tumatir a Ɗakin Haya

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu matasa a nan Sakkwato ba gidan iyaye muke ba. Wasu karatu ya kawo su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu bautar ƙasa, wasu neman abinci. Ɗaki ɗaya, risho ɗaya ko ƙaramar tukunyar gas, sai Indomie dare da rana. Ba mu raina Indomie ba, ta sha fitar da mu kunya. Amma abincin mutum ɗaya ce. Shi ya sa idan aka tashi daga sujada ranar Lahadi, baƙon da ya zo karon farko sai mu gaishe shi da fara'a mu sallame shi a bakin ƙofa, domin babu abin da za mu ce ya zo ya ci.

Akwai girkin da ke warware wannan, kuma kayansa duk suna kusa da mu: taliyar Hausa mai faɗi, wadda mata ke murzawa a inji cikin gida su shanya a igiya. Yawanci da manja da yaji muka san ta. Amma a birnin Kuching na ƙasar Malesiya suna da wata dabara: sukan soya taliyar shinkafa mai faɗi ita kaɗai a wuta mai ƙarfi, sa'an nan su kwarara mata miyar tumatir a kai. Tamu ta fulawa ce, duk da haka dabarar ta karɓe ta sosai.

Taliyar ba ta da wuya. A zuba a tafasasshen ruwa, a sauke tun da sauran ƙarfinta, a tace, a ɗauraye da ruwan sanyi. Minti ɗaya na sakaci ya isa ta caɓe. Sai a soya ta kaɗan-kaɗan a kasko mai zafi da ɗan mai da albasa har gefenta ya fara ja.

Miyar ce ke gwada mutum. A markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu, a ɗora a wuta ba mai, har ruwan ya tsotse. Bayan nan a soya albasa da tafarnuwa, waɗanda ƙasar Sakkwato ba ta rasa su, a juye markaɗen, a yi ta juyawa. Kada a yarda da launi, yakan yi ja tun tsamin yana nan. Alamar ita ce mai ya taso sama, ƙamshin ɗanye ya ɓace. Wasu kan jefa 'yar kanwa don su gajarta hanya. Mu dai mun fi son a ba ta lokacinta, ko da gas yana ƙonewa ran mutum yana ƙonewa tare da shi. Daga nan sai daddawa, gishiri, busasshen kifi idan akwai, da ruwa kofi ɗaya domin miyar ta kwanta a kan taliya. Kabeji a ƙarshe, yana ƙara auki.

Sai maganar kuɗi. Lokacin sanyi, sa'ad da tumatirin fadama irin ta Kwalkwalawa da na noman rani a Goronyo ya cika kasuwa, yana araha har ana zubarwa. Damina na faɗuwa sai ya zama gwal. Waɗanda suka tuna 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, sun san har inda tsada kan kai. Iyayenmu mata a zumuntar mata sun daɗe da maganin wannan: a saya da yawa a Janairu, a yanka, a shanya. Mutum huɗu za su iya haɗa kuɗin kwando ɗaya a Kasuwar Daji su raba. Busasshen, idan an jiƙa an markaɗa, miyarsa ta fi duhu, amma tana yi.

Abu ɗaya kuma: a zafin Afrilu, ga wuta ba tabbas, miyar rana ba lallai ta kai dare ba. A dafa daidai bakin da aka gayyata, in ta ragu a miƙa wa maƙwabci tun da ɗuminta.