Daga Yaɓen Soro Zuwa Injin Sanyi

Masu iya magana sun ce, tun ran gini ran zane. Duk abin da mutum ya ɗora bisa kansa domin ya ba shi inuwa ko sanyi, to, ya ɗaukar wa kansa alkawarin kula da shi ke nan, kuma alkawarin nan yana da lokacinsa, yana da tsarinsa. Wannan shi ne abin da nake son in tattauna da mai karatu a cikin wannan ɗan rubutu nawa, ta hanyar jera ayyuka biyu da Allah ya sa na taɓa sa hannu a cikinsu. Na farko shi ne yaɓen soron ƙasa a ƙauyenmu. Na biyu kuwa shi ne gyaran manyan injinan sanyi da ake girkewa a kan rufin bankuna da otal-otal da ɗakunan taro a birnin Kano.

Ni dai mutumin ƙasar Dambatta ne, arewa da Kano, a kan hanyar da ta bi ta Kazaure ta nufi Daura. Wanda ya san wannan yanki ya san cewa gona manne take da gona, babu saura, babu daji, sai dai ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin gero da dawa da gyaɗa. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka fitar da nazari a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan yadda jama'a suka cunkushe a karkarar Kano, suna noma gona ɗaya kowace shekara da taimakon taki. Yau kuwa gado ya ƙara yayyanka gonakin nan, har ta kai abin da magidanci ya noma ba ya kai shi wata kakar. Saboda haka da an ɗaure amfanin gona an zuba a rumbu, sai samari su gangara birni cin rani. A da dako suke yi da ga-ruwa. Yanzu kuwa da yawansu sun shiga sana'o'in hannu, ciki har da gyaran firji da iyakwandishan. Ta wannan hanya kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shiga sana'ar, ni kuma nakan bi shi idan an yi hutun makaranta, ina ɗaukar masa jakar kayan aiki.

Bari mu fara da soro, tun da shi na fara sani. Katangar tubali mai kauri da rufin azara da aka danne da ƙasa suna shanye zafin rana sannu a hankali, shi ya sa cikin soro yake da sanyi da tsakar rana, sai dare ya yi katangar ta fara amayar da abin da ta sha, mutane su fito tsakar gida da tabarminsu. Amma soro ba ya yin wannan hidima kyauta. Kowace shekara, idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai an hau an share rufin, an cire ciyawar da ta tsiro, an toshe tsaga, an sake yaɓe, mai hali ya shafe da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sa'an nan a buɗe bakin indararo domin ruwa ya sami hanya. Magini kuma ba ya hawa da ka. Sai ya shiga ɗakin ya dubi azarar ko gara ta ci, in ya hau kuwa ba ya taka tsakiya, gefen katanga yake bi. Wani alheri da soro yake da shi shi ne, yana yin gargaɗi kafin ya faɗi: za a ga ɗigo, a ga ƙasa na zubowa, a ji azara na ƙara.

Shi kuwa injin sanyi baƙo ne. A 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya tsara na'urar farko irin ta zamani domin wata maɗaba'a a birnin New York, inda laimar iska take kumbura takarda har launuka su ƙi hawa daidai. Daga nan abin ya bunƙasa har aka kai ga irin wanda muke magana a kansa, wato wani ƙaton akwatin ƙarfe da ake ɗorawa a kan rufin kankare, an haɗa komai a cikinsa: kwamfaresa, da kondensa, da fankoki, da filta, da akwatin wayoyin wuta, sai manyan bututu su saukar da iska zuwa ɗakuna. A ƙasashen sanyi akan haɗa masa wani ɓangare mai ɗumama gida da gas ko da lantarki, amma a nan wajenmu wannan ɓangare ba shi da aiki, domin sanyin hunturu bargo ya ishe shi. Injin nan kuwa ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Wanda ya taɓa shan ruwan randa ya riga ya san sirrin: ruwan da yake tsattsafowa ta jikin randa, idan ya bushe, yakan tafi da zafin na ciki. Haka gas ɗin injin yake yi, ya zama tururi a cikin bututu ya shanye zafin ɗaki, kwamfaresa ta matse shi, kondensa ta huce shi ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

Abokan gabar wannan inji a ƙasarmu uku ne: ƙura, da zafi, da rashin tsayuwar wuta. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, takan toshe filta ta like kondensa kamar an yi mata yaɓe. Da hunturu ya wuce sai zafin Maris da Afrilu ya sauko, ma'auni ya riƙa kaiwa digiri 40, a lokacin nan ne kuma ake bukatar injin ya yi aiki dare da rana. Ke nan lokacin gyaransa shi ne ƙarshen hunturu, kamar yadda lokacin yaɓe yake gab da faɗuwar damina. Wanda ya bari sai zafi ya kankama, ɗaya yake da wanda ya bari sai ruwa ya sauka kana ya nemi magini.

Abin da na fi koya a wurin kawuna shi ne, a wannan sana'a tsari ya fi ƙwarewar hannu. Ana kafa tsani a ƙasa mai ƙarfi, a ja gindinsa baya da kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon hawan, kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita 1, wani ya riƙe ko a ɗaure. Kayan aiki da igiya ake jan su, ba a hawa da su a hannu. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, sai an kashe wuta daga babban makunni, an sa masa kwaɗo, mai aikin ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Bayan haka ma ba a yarda ba tukuna, sai an gwada mita a inda aka tabbata akwai wuta, an ga tana aiki, sa'an nan a auna wayoyin injin ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan inji da layi uku yake aiki, ƙarfinsu ya kai volt 415, kuma akwai kafasita wadda take ɓoye wuta a cikinta ko bayan an kashe makunni, sai an sauke ta kafin a taɓa. Kawu yakan ce da ni, "Ɗana, soro yana yi wa mutum sallama kafin ya faɗo masa. Wuta kuwa ba ta san sallama ba."

Ba a banza yake faɗin haka ba. Akwai wani saurayi daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, wanda ya zo cin rani ya kama aiki a hannun wani maigidan daban. Ranar nan an ɗauke wuta, sai suka ga ai dama ta samu, ya hau rufin wani gini ya zura hannu yana gyaran bel, makunni kuwa ba a kashe ba balle a kulle. Can ƙasa mai kula da janareto, wanda bai ma san da mutum a sama ba, ya tayar da injinsa ya juya layi. Fanka ta tashi da hannun yaron a ciki. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsu uku sun tafi. Da damina ta faɗi na gan shi zaune a gindin ɗorawa a bakin gonar mahaifinsa, ƙannensa na noma, shi ba ya iya riƙe fartanya. A ƙasar da kowane hannu lissafe yake a gona, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gida ce baki ɗaya. Kwaɗon da zai hana wannan kuwa bai kai kuɗin abincin rana ba.

Idan an tabbata babu wuta, sai a shiga aikin sosai. A ciro filta a wanke ko a sake sabuwa. A wanke kondensa da ruwa marar ƙarfi, daga ciki zuwa waje, don kada siraran faranta su lanƙwashe. A dubi bel ko ya tsattsage ko ya saki, a sa giris a boris, a ƙara ɗaure wayoyin da jijjiga ta sassauta, a dubi kwantakta ko bakinta ya ƙone. Sa'an nan a buɗe bututun da yake zubar da ruwan da injin ya tatso daga iska, wanda duk lokacin da na zo kansa sai na tuna indararo, domin in ya toshe ruwan cikin silin zai koma.

Gas kuma yana da nasa ladabin. R22 da aka daɗe ana amfani da shi yana tafasa ne a wajen digiri 41 ƙasa da sifiri, saboda haka in ruwansa ya zuba a fata ƙonewa take yi kamar an ɗora garwashi, in ya shiga ido kuwa sai abin da Allah ya yi, shi ya sa safar hannu da tabarau suka zama dole. R410A da ya biyo bayansa ya fi shi matsi nesa, ba a auna shi da kayan awon tsohon, ba a kuma gauraya su. Wasu sababbin, irin su R32 da R290, wuta na kama su. Idan ana neman inda bututu yake yoyo, da nitirojin ake matsa shi. Wanda ya ɗauko tukunyar oksijin ta masu walda ya ɗura, to, ya haɗa bam da hannunsa, domin oksijin da man kwamfaresa ba sa ga maciji. Ba a kuma sakin gas a iska. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 an ƙulla ta ne saboda wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai suna cinye ozon, wato wani rufin iska can sama da yake tare mana mugun hasken rana, kuma an ɗibar wa ƙasashe masu tasowa zuwa 2030 su kusan rabuwa da R22. Ashe bayan rufin soro da na kankare, akwai wani rufin da duk duniya take ƙarƙashinsa, shi ma yana son kulawa.

Tayar da injin shi ne wurin da ake gane mai haƙuri. Idan ya daɗe a kashe, gas yakan kwanta cikin man kwamfaresa, in aka kunna a haka sai man ya yi kumfa ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe. Domin haka ne aka sa wata 'yar hita a gindin kwamfaresa, wadda kamfanoni da yawa suke cewa a ba ta wuta awa 24 kafin a tayar da injin. Bayan nan a auna layukan uku, kada bambancinsu ya wuce kashi 2 cikin 100. A mayar da murafai, kowa ya ja baya, a fara kunna fanka ita kaɗai a ga inda take juyawa. In an sauya layi biyu, wata irin kwamfaresar baya take juyawa, ta riƙa ruri ba sanyi, sai a kashe nan take a gyara. In komai ya yi daidai, a auna wutar da take ja a gwada da abin da aka rubuta a jikin injin, a kuma auna iskar da take shiga da wadda take fita, a sami bambancin digiri 8 zuwa 11. In wuta ta ɗauke ta dawo, a jira minti 5 kafin a sake kunnawa.

Matsalar ita ce, mai gini ba ya son jira. Na sha jin ana ce wa kawuna, "Haba Injiniya, gobe muna da taro, kunna mana kawai." Shi kuwa sai ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kunna yau za ka sami sanyin yau, amma kwamfaresa za ka saya kafin damina." Wani ya ji, wani kuma ya sallame shi ya kira ƙaramin yaron da ba zai iya musu ba, domin yana tsoron kada aikin ya kuɓuce masa. Irin waɗannan yara su ne 'yan ƙauyukanmu, waɗanda suka baro gida da niyyar su samo kuɗin taki. Littafin da ya zo da injin da Turanci yake, yawanci ma yana kulle a ofis, su kuwa da kunne da ido suke koyo, abin da maigidansu ya tsallake su ma shi za su tsallake.

A ƙauye babu dattijon da zai bar yaro ya hau soro bai nuna masa inda ake takawa ba, babu kuma maigidan da zai ce wa magini ya yi yaɓe a kan azarar da gara ta ci don yana sauri. Wannan tarbiyya muna da ita tun kafin injin ya zo, abin da ya rage shi ne ta bi yaranmu zuwa kan rufin kankare. Mai koyar da sana'a ya fara koyar da kwaɗo da mita kafin sufana, mai gini ya kira mai gyara tun hunturu bai fita ba, ya kuma ba shi kwana ɗayan da yake nema. Mu kuma da muke zama ƙarƙashin wannan sanyi a ɗakunan taro, mu riƙa tuna cewa akwai ɗan wani a can sama cikin rana, ana jiran sa a gona da hannuwansa biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.