Gayya A Cikin Wayar Salula

Jama'a, iyayenmu sun san gayya. Idan gonar mutum ta fi ƙarfinsa ko ɗakinsa ya rushe, sai maƙwabta su taru su gama masa aikin cikin yini guda, a ci tuwo a watse. Mu 'yan zangon Gana da muka tashi a Nima, ko Sabon Zango, ko Aboabo, mun zaci wannan al'ada ta tafi da tsofaffi, sai ga shi mun tarar da ita a cikin wayar salula.

Kowa yana tune da 2020. Ranar 30 ga Maris gwamnati ta hana fita a Ankara da Kumasi saboda cutar korona, har mako uku. Aka rufe masallatai, azumi ya zo babu tafsiri babu tarawihi a jam'i. Mutumin zango kuwa, idan ka raba shi da jama'a ka raba shi da rabin lafiyarsa. A lokacin ne zaurenmu na WhatsApp, wanda da labarin rasuwa kawai ake turawa a ciki, ya koma wurin tara tatsuniyoyi da karin magana.

Muka raba aikin yadda ake raba kunya a gona. Iyayenmu mata suna ɗaukar muryarsu, samari suna rubutawa da boko, malamai suna karanta mana tsofaffin takardun ajami, 'yan'uwanmu na Hamburg da Bronx kuma suna tuno abin da muka mance. Kalma guda sai ta ci mana dare ana gardama.

To, me muka samu? Na farko, tsofaffinmu sun ga ana bukatarsu. Tsohuwar da take wuni ita kaɗai a ɗaki ta zama ana jiran muryarta kowane dare, jikoki suna cewa, "Kaka, ƙarasa mana ta jiya." Na biyu, matasa sun rage jin kunyar bakinsu. Da yawanmu an taɓa yi mana dariya domin muna cewa "ya zo" ko da mace ce, ko muna gauraya Hausa da Twi. Amma wanda ya ji cewa Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga yana karantarwa yana rubuta waƙoƙi da ajami, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya san Hausar ƙasar nan tana da asali. Har wasu daga cikinmu suka shiga rubutu a Wikipedia ta Hausa, suna bayyana yadda wake da tuwon zafi suka zama waakye da tuo zaafi a bakin duk mutanen Gana.

Sai dai gayya tana da sharaɗi. Mun ga zauruka da dama sun watse saboda rigimar aƙida ko ta jam'iyya. Namu ya ɗore ne domin akwai aiki a gabanmu, mai gyara kuma yana yi da ladabi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai tsoho a gida, ya miƙa masa waya yau, tun yana raye. Allah ya sa mu dace, amin.